Buroshi Mai Hoton Agwagwa

Mijin yayata mai fenti ne, kuma in ka bar shi da bakinsa zai ce maka duk ginin da ka gani yana sheƙi, ko dai shi ya shafa masa fenti, ko kuma wanda ya shafa ɗin a wurinsa ya saci sana'a. Shafi-Ɗaya ake ce masa a layinmu, don kullum cika bakinsa ke nan: wai shi bai taɓa maimaita bango ba, shafi ɗaya yake yi ya sauko daga tsani. Ni kuwa da nake ganin falon gidansa, inda tsohon shuɗi ke leƙowa ta ƙarƙashin fari, na san abin da ya sa ba a kiransa aiki sau biyu a gida ɗaya. Ban taɓa ɓoye masa ba. Ƙanwar matarsa ce ni, in ban tsokane shi ba wa zai tsokane shi?

Jinya ce ta kawo ni gidan. Yaya ta yi ciwo mai tsanani, aka yi wata da watanni ana yi mata ƙarin ruwan magani a asibiti. Ciwon ya tafi, mun gode Allah, amma maganin ya tafi da gashinta kaf, gashin da a da sai mai kitso ta huta sau biyu kafin ta gama da shi. Tun ranar da ya fara zuba ta ɗaure ɗankwali, ba ta ƙara kwance shi a gaban kowa ba sai ni. Har mijin nata. Wata tara bai ga kanta ba, wata tara kuma ba mu ji dariyarta a gidan ba.

Sai gashin ya fara dawowa, siriri, mai laushi kamar na ɗan tsako. Nas ta ce a nemo buroshi mai taushi sosai, a riƙa bin kan da shi a hankali yana yi wa fatar tausa. Yaya ba ta jira ba. Ta ɗauko tsohon matajinta ta ja sau ɗaya, ta duba haƙoransa, ta ga gashi a maƙale.

"Auta, je ki sayo mini reza."

"Reza kuma, Yaya?"

"Na kalli zubarsa sau ɗaya, ba zan sake kallo ba. Gara in aske da hannuna in huta."

Na yi magiya, na yi kuka, da ƙyar ta ba ni kwana uku. Ta ce in ba a samo abin da zai bi kanta bai ciro ko sili ɗaya ba, to kada in ƙara yi mata magana. Rezar ma sai da ta sa na sayo, ta ajiye ta a bakin taga inda kowa zai gani. Ni dai na san in Yaya ta aske gashin nan, ɗankwalin nan ba zai ƙara sauka ba har abada, kuma hankalina ya tashi ƙwarai.

Ashe Shafi-Ɗaya na bayan labule yana ji. Ina fitowa ya tare ni.

"Buroshi? Buroshi ake nema a gidan nan, ina raye, aka rasa wanda za a tambaya?"

"Yallaɓai, na gashi ake nema, ba na katanga ba."

"Auta, buroshi buroshi ne. Shekara talatin da biyu yana hannuna. Ko ido rufe kika miƙo mini shi zan gaya miki gashin wace dabba ce, har da abin da ta ci kafin ta mutu." Ya ɗaga murya wajen ɗaki. "Ranki ya daɗe, kwantar da hankalinki! Fita ɗaya zan yi."

Na yafa mayafi na bi shi, don na san in na bar shi shi kaɗai zai iya dawo mana da na goge takalmi.

A shagon kayan kwalliya na bakin titi na yi wa mai shagon bayani. Mata ce mai natsuwa, ta gane nan da nan. Ta jawo wani ɗan buroshi ƙarami, gashinsa fari fat, mai laushi kamar auduga, da hoton agwagwa a bayansa.

"Wannan na jarirai ne," in ji ta. "Shi ya dace da sabon gashi."

Shafi-Ɗaya ya karɓa da yatsa biyu kamar an miƙa masa mataccen ɓera.

"Baiwar Allah, matata nake nema wa, uwar 'ya'ya huɗu. Kin ga ta yi miki kama da mai wasa da agwagwa?"

"Ban ganta ba, Malam."

"To ni na ganta. Sauko mini da na manya."

Daga nan aka shiga uku. Duk wanda aka sauko da shi sai ya lanƙwasa shi a tafin hannu, ya kaɗa shi kusa da kunne, ya sansana, sannan ya juya ya shafa a bangon shagon, sama da ƙasa, yana karkace kai yana kallon inda ya bi.

"Malam, bangon bai yi ƙorafin ƙaiƙayi ba," in ji mai shago.

"Ke dai kin iya sayarwa. Sani daban."

Ya zaɓi huɗu: wani mai haƙoran katako, wani zagayayye kamar sandar murza fulawa, wani mai batir da ke kyarma in an danna shi, da wani ƙato mai faɗi, na roba, mai ƙananan ƙwallaye a bakin haƙoransa. Muna fita mai shagon ta cusa mini na agwagwan a jaka, ta ce ƙasa-ƙasa, "Riƙe wannan. Allah ya ba ki haƙuri."

Da yamma na nuna wa Yaya shi. Na shafa a hannuna, na shafa a kaina, na rantse mata ba zafi.

"Gashinki kamar igiya, me za ki ji?" ta ce. "Matajin ma da idona na ganshi kamar mai hankali." Ta ture shi gefe. Tsoro ne fal a idonta, ban matsa ba.

Shi kuwa gwanin, maimakon ya kawo kayansa ciki, sai ya wuce da su bencin ƙofar shagon Tela, inda mazan layin ke zaman hira.

"A sana'armu," ya ce da ni, "ba a ɗora fenti a bangon mai gida sai an gwada a wani lungu. Kan yayarki falo ne. Waɗancan kawunan su ne lungu."

Da Tela ya fara. Bawan Allah yana cikin saka zare a allura ya ji an cire masa hula, an kafa masa haƙoran katako an ja tun daga goshi har ƙeya.

"Wayyo! Kai, noma kake yi?"

"Yaya ka ji?"

"Na ji kakata da ta rasu tana kirana!"

"Wannan ya yi tauri kaɗan," in ji Shafi-Ɗaya, ya ajiye shi gefe.

Tsohon Direba, wanda ya yi ritaya ya koma zaman benci, ya dafe hularsa da hannu biyu ya ce kansa ba na gwaji ba ne. Shafi-Ɗaya ya ce ai ba kan yake so ba, gemun yake so, don furfurar gemun Direba ita ta fi kusa da laushin da ake magana. Ya yi ta zuba masa daɗin baki har tsohon ya miƙo haɓa. Ya ɗora zagayayyen nan ya murza sau ɗaya, ya murza sau biyu. A na uku buroshi ya ƙi gaba ya ƙi baya.

"Sake ni."

"Tsaya, baya zan yi."

"Shekara arba'in ina tuƙi, na san wanda bai iya baya ba! Sake ni!"

Ya murza ta ɗaya gefen, gemu ya ƙara naɗewa har buroshin ya manne da leɓen tsoho. Mai Aski ya fito daga shagonsa da kumfa a hannu, ya duba, ya girgiza kai, ya ce a ba shi almakashin Tela. Direba ya tafi gida da rabin gemu, yana tafe yana waiwaye yana faɗin abin da ba zan maimaita ba.

"Shi ma bai yi ba," in ji Shafi-Ɗaya. "Kin ga amfanin gwaji?"

Kashegari benci ya watse tun daga hango shi. Tela kaɗai ya rage, don shi ba ya iya gudu ya bar keken ɗinkinsa. Ya ɗaure hularsa da ƙyalle ta ƙarƙashin haɓa, ya duƙufa yana ɗinka wandon wani malamin makaranta. Shafi-Ɗaya ya lallaɓa ta baya, ya danna mai batir ɗin, ya manna masa a ƙeya. Tela ya zaci wutar lantarki ce ta kama shi. Ya kurma ihu, ƙafarsa ta danne keken, keke ya zuba a guje ya ɗinke ƙafar wandon nan ruf daga wannan gefe zuwa wancan.

"Yaya ka ji?"

"In ka ƙara tambayata yaya na ji, wallahi bakinka zan ɗinke!"

Da Shafi-Ɗaya ya dawo gida na same shi a tsakar gida na ce, "Yallaɓai, saura gobe fa. Ka zo mu haɗu mu lallashe ta ta gwada ƙaramin nan."

"Na agwagwa? Auta, ina da mutunci a layin nan."

"Jiya kake da shi."

"Saurara ki ƙaru. Matsalar duka tauri ne. To buroshin da ya yi taurin kai, mu a tina muke jiƙa shi. Kafin rana ta take ya yi laushi kamar kunnen zomo."

Tina dai ruwan nan ne mai warin tsiya da masu fenti ke wanke kayan aiki da shi. Ranar ta uku da safe ya jawo wani tsohon gwangwani, ya tuttula tina a ciki, ya tsoma ƙaton buroshin robar nan, ya rufe. Bai duba gindin gwangwanin ba. Ni na duba daga baya, lokacin da duba ba ta da amfani: ragowar koren fentin ƙofar wani ce ta bushe a ciki.

Sai in gaya muku yadda kan Shafi-Ɗaya yake, don a nan maganar take. Sanƙo gare shi, fili fetal daga goshi har tsakiya. Amma ya tara gashin gefen hagu ya yi tsawo, kullum da safe sai ya rina shi baƙi, ya kwantar da shi ya haye saman kan har kunnen dama, ya danne da mai. In iska ta taso, gefe yake ba ta. Shekara goma yana kiwon gashin nan, ko jikokinsa bai yarda su taɓa ba.

Da rana ta take ya fito da gwangwani ƙofar shagon Tela, ya tafa hannu. Mutane suka taru, amma nesa-nesa, kowa hannunsa a kan hula. Matan da ke layin famfo suka ajiye bokitai. Direba ya zo da ragowar gemunsa ya tsaya a gaba, ya ce shi yau ko abinci bai tsaya ci ba don kada a yi babu shi.

"Jama'a," in ji Shafi-Ɗaya, "kun yi ta ƙorafi kamar yara. To yau a kaina zan gwada, ku ga yadda gwani ke aiki."

"Malam," in ji Mai Aski, "wannan fa roba ce. Tina na cin roba."

"Kai aski ka sani, ni buroshi na sani. Kowa ya tsaya a shagonsa."

Ya cire hula. Ya zaro buroshin, ya yarfe shi sau ɗaya bai ko kalle shi ba, don idonsa na kan jama'a. Ya ɗora a kunnen hagu, ya ja a hankali zuwa tsakiyar kai, yana lumshe ido.

"Kun gani? Laushi kamar…"

Buroshin ya tsaya. Haƙoransa sun narke sun zama danƙo, danƙon ya haɗe da koren fenti, duka suka rungume gashin nan na shekara goma. Wani koren ruwa ya gangaro ta goshinsa ya biyo karan hanci.

"Yaya ka ji?" in ji Tela.

"Lafiya lau. Haka yake yi da farko."

"To ci gaba mana," in ji Direba. "Ko baya za ka yi?"

Ya ja, ya ƙi. Ya ƙara ja. A nan tinar ta fara cin fatar kan. Na ga idonsa ya fito, ya fara taka rawa a tsaye, ƙafa ɗaya na bin ɗaya.

"Akwai ɗan ɗumi," ya ce. "Alamar yana aiki… Ruwa! Jama'a, ruwa! Kaina!"

Ya ranta a na kare ya nufi famfo, buroshi na reto a kansa. Mata suka dare. Ya tsoma kai cikin bokitin wata, ya ɗago, ya tsoma cikin na gaba. Mai bokitin ta ce ruwan girkinta ne, ya ce ta yi haƙuri gobara ce. Da ya ga ruwa bai raba shi da abin ba, sai ya kama buroshin da hannu biyu ya fizge. Ya fita kam, amma bai fita shi kaɗai ba. Ya tsaya yana kallon gashinsa a jikin roba, sannan Direba ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya har da tari.

Mai Aski ne ya ja shi shago, ya kwashe ɗan abin da ya rage, ya wanke kan da sabulu sau biyar. Koren ya ƙi fita duka. Kan ya fito ja a wani wuri, kore a wani wuri, ga sawun haƙoran buroshi layi-layi.

"Wannan aikin na wane gwani ne?" in ji Mai Aski. "A ba ni lambarsa, ina da bango."

Shafi-Ɗaya ya ja hula har kunne, na bi shi a baya muka shiga gida.

Yaya na zaune a bakin gado, rezar na kan cinyarta, ta riga ta cire ta daga takarda. Ta kalli hannunsa, ba komai a ciki.

"Malam, ina buroshin?"

"Ana kan aiki, ranki ya daɗe."

"Warin me nake ji?"

"Sana'a ce."

"Cire hular."

"Akwai sanyi."

"Zufa kake yi. Cire."

Ya kalle ni, na kalli silin. Ya sa hannu ya zame hular a hankali.

Yaya ta zuba wa kan ido. Leɓenta ya fara rawa, na zaci kuka za ta yi. Sai wata ƙara ta kuɓuce mata ta hanci, ta toshe baki, ta kasa riƙewa, ta kife a kan filo tana dariya, tana dukan katifa, tana cewa, "Wayyo cikina! Auta, kankana! Kankana aka kawo mini!" Ni kuwa ina dariya hawaye na zuba, don na manta yadda muryar dariyarta take.

Da ta lafa ta ce ya matso. Ya durƙusa a gabanta. Ta duba jan, ta duba sawun, dariyar ta ɗauke.

"Me ya kai ka?"

Ya ce, ba da muryar benci ba, "Ba zan ɗora miki abin da ban gwada ba."

Yaya ta daɗe tana kallonsa. Sai ta miƙo mini hannu.

"Auta, ba ni na agwagwan nan."

Na ba ta. Ta ɗora shi a daidai inda fatar kansa ta fi ja, ta shafa. Shi ya runtse ido, ya ɗage kafaɗu yana jiran azaba. Ta shafa, ta ƙara shafawa.

"Ranki ya daɗe, in za ki fara ki fara, na shirya."

"Na daɗe da farawa."

Ya buɗe ido ɗaya. "Da gaske?"

"Ba ka ji zafi ba?"

"Ko kaɗan. Kamar iska."

Yaya ta juya buroshin a hannunta, ta kalli kan mijinta da ko ƙuda ya sauka a kai sai ya yi ƙara. Ta ajiye rezar a gefe. Ta kai hannu ƙeya ta kwance ɗankwalin, ta ninke shi a cinya, idonta a ƙasa. Na yi niyyar fita, ƙafata ta ƙi.

Shafi-Ɗaya ya kalli ɗan gashin nan da ko rabin yatsa bai kai ba. Ta miƙa masa buroshin. Ya goge hannunsa a riga sau biyu kafin ya karɓa. Zan faɗi gaskiya ko da ba na so: hannun mutumin nan ya san buroshi. Ya ɗora shi a goshinta ya bi da shi har ƙeya, a hankali, ko numfashi ba ya yi. Ya ɗaga, ya kai wajen hasken taga, muka duba mu uku. Fari fat, ko sili babu.

Yaya ta tura mini rezar da bayan hannu, ba ta ko kalle ta ba. Na ɗauke na jefa a jaka.

"Ai tun a shago na san shi ne," in ji Shafi-Ɗaya, koren hawaye na bin kumatunsa. "Sauran duk don a tabbatar ne. Kin gani, shafi ɗaya, aiki ya…"

"Malam," in ji Yaya, idonta a lumshe, ta karkato masa da kai. "Ƙara na biyu."

Ya ƙara. Na fita na ja musu labule ina ƙirgawa daga tsakar gida, don in samu abin tsokanarsa gobe. A na arba'in na gaji na bari.